Hasumiya, Kurtu, da Hannun Hagun Baba

Litinin, da hantsi

Yau na kawo allon ces, darar nan ta Turawa, asibiti. Sistar ɗakin ta tare ni a ƙofa ta tambayi abin da ke cikin jakar, na ce maganin Baba ne. Ta buɗe, ta ga 'ya'yan katako farare da baƙaƙe, ta harare ni, ta ce kada dai in bari wani ya faɗa ƙasa a taka a zame. Teburin nan mai taya da ake tura masa abinci a kai ya ɗauki allon daidai wa daida.

Tun ina ƙarama Baba yake koyar da ces a ɗakin baya na laburare, kuma bai taɓa fara wa ɗalibi da farkon wasa ba. Daga ƙarshe yake farawa, lokacin da allo ya yi fili, babu wanda ya rage sai sarakuna biyu, da hasumiya ɗaya a kowane ɓangare, da ɗan ƙaramin nan da yake kira kurtu. Yakan ce a farkon wasa kowa ma gwani ne. Ni na gudu daga ajinsa tun ina sakandare. Abin da ya rage min bai wuce sanin tafiyar kowane ɗa ba, sai 'yan abubuwan da suka maƙale a kunnena saboda yawan ji.

Na sa masa hasumiya a tafin hannun hagu. Ya juya ta, ya shafa kanta da babban yatsa, ya damƙe. Na daman yana nan inda aka ajiye shi a kan bargo, tun da ɓarin jikinsa ya shanye maganarsa ta ɗauke. Bai yi magana ba, ban kuma sa rai ba, amma bai sake ta ba har aka zo awon jini, kuma na ji daɗi.

Litinin, da yamma

Ya sha rabin kofin shayi. Rabi ma wani abu ne.

Talata, da rana

Yaya ya ja ni baranda, ya faɗa min abin da na san dama shi ya kawo shi. Da zarar an sallami Baba, zai tafi da shi garinsu, tafiyar yini guda a mota. Akwai wata cibiya kusa da gidansa inda ake koya wa mutane tafiya da magana daga farko. Gidansa a ƙasa yake, namu kuwa sai an hau bene. Matarsa ta yarda, har ta share ɗaki. Duk abin da ya lissafa gaskiya ne, kuma shi ya fi ba ni haushi.

Na ce masa, “Ka tambayi Baba?”

Ya dube ni kamar na yi wauta, ya ce, “Auta, wa za a tambaya?”

Na juya na koma wajen Baba, don da na buɗe baki da duk ɗakin ya ji mu.

Likitar da ke duba Baba mace ce mai magana a hankali, ba ta kuma ƙara gishiri. Ta ce idan ta tabbatar yana gane abin da ake faɗa masa, yana kuma iya zaɓi, babu mai kai shi ko'ina sai da yardarsa. Idan ba ta tabbatar ba, mu 'ya'yansa za mu yanke, kuma na san ma'anar wannan, tunda Yaya ne babba kuma muryarsa ta fi tawa. Ta gwada Baba da wasu katunan hotuna. Ta ce ya nuna mata kofi, ya nuna mata kyanwa. Ya kalli kyanwar, ya kalle ta, ya juya fuskarsa bango. Na gaya mata haka yake yi wa duk wanda ya yi masa tambayar yara, ni ma na sha ganin ƙeyar nan. Ta yi murmushi, ta ce ta yarda da ni, amma tana buƙatar abin da ya fi haka. Wajen ƙarshen wata za a sallame shi.

To, zan nuna musu. Ba da kyanwa ba.

Laraba, da hantsi

Akwai wani ƙaton littafi mai koren bango a kan teburin Baba, cike da wasannin mutanen da suka rasu tun kafin a haife shi. A ciki akwai wasa ɗaya da yake maimaita wa ɗalibai kowace shekara har su riƙa kammala masa jimla. Dokar gidanmu ce littafin nan ba ya fita ƙofa, ko Mama a zamaninta ba ta taɓa matsar da shi don goge tebur ba. Saboda haka na buɗe shafin ƙarshen wasan, na ɗauki hoton zanen allon da wayata, na mayar da shi yadda na same shi.

Ga yadda abin yake. Kurtun fari saura taki ɗaya ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya, amma sarkinsa na zaune a gabansa, ya toshe masa hanya. Idan sarkin ya fito, hasumiyar baƙi za ta bi shi da cek, wato barazanar kama sarki, daga baya, nan cek, can cek, har ya gaji ya koma inda ya fito. Dabarar ita ce fari ya fara ɗaga hasumiyarsa zuwa layi na huɗu. Mai kallo zai ce ɓata lokaci ne. Sai sarkin ya fito, ya gangaro ana binsa da cek, har ya iso kusa da ita, ita kuma ta shiga tsakani ta kare shi. Shi ke nan, kurtu ya wuce. Baba yana kiran wannan gina gada. Ni kullum laima nake gani, amma ban taɓa samun ƙarfin halin gaya masa ba.

A ƙarƙashin zanen an rubuta cewa fari ne da tafiya, kuma shi ke cin wasa. Idan Baba ya ɗaga hasumiya zuwa layi na huɗu a gaban likita, magana ta ƙare.

Na jera masa, na ba shi fari. Ya daɗe yana kallon allon, idonsa na zuwa kusurwa yana dawowa. Na ga goshinsa ya tattare irin na da, har na fara murna. Sai kawai ya ɗago hannun hagu ya miƙo min ta saman allon. Na kama da hannu biyu, na ce ina nan, Baba, ba inda za ni. Ya zare hannunsa ya rufe ido.

Ya gaji ne. Gobe.

Alhamis, da yamma

Na sake jerawa. Ya sake miƙo hannu. Na sake riƙewa.

Asabar, da rana

Yau Yaya na wurin. Ban so ba, amma ya shigo da ayaba da lemo ina tsakiyar jerawa, ya ja kujera ya zauna. Na yi masa bayanin gada a taƙaice, don shi ya riga ni gudu daga ajin Baba. Na matsa hasumiyar kusa da yatsun Baba, na ce masa layi na huɗu, Baba, kai ka koya wa rabin garin nan. Ya kalle ni da wani irin kallo da ban gane ba, ya miƙo hannu.

Sai da muka sauko wajen ajiye motoci Yaya ya ce abin da Baba yake yi wa ɗalibai cikin barci ne fa ya gagare shi, in daina wahalar da tsoho, in daina wahalar da kaina. Na ce masa shi da ke zuwa sau ɗaya a shekara ba shi zai gaya min wahala ba. Na san maganar ta soke shi. Ya buɗe min ƙofar mota, muka dawo gida.

Lahadi

Ban rubuta komai ba yau, kuma wannan ma bai kamata in rubuta ba.

Litinin, da safe

Oga ya kira daga maɗaba'a. Ya fara da gaisuwar mai jiki, ya daɗe a kanta, sannan ya ce littattafan makarantu sun taru, wanda ke duba shafuka a madadina yana barin kurakurai kamar an watsa gero. Bai ce yaushe zan dawo ba. Na ce masa na ji, na gode.

Kafinta ya zo zai gyara ƙofar banɗakin da na ɓalle ranar da Baba ya faɗi a ciki. Ya duba inda sakatar ta tsage daga katako, ya tambayi wane ƙato ne ya yi wannan aiki. Na ce ya gyara kawai, kuma kada ya sa sakata ta ciki.

Ina wanke kofi biyu kowace safiya, ɗayan ba a sha komai a ciki ba.

Laraba, da hantsi

Abin ya ɓaci yau. Na jera, ya miƙo hannu, na ƙi karɓa. Na ce masa a'a, Baba, ba hannu nake so ba, tafiya nake so, tafiya ɗaya tak. Na ɗaga hasumiyar da kaina na dire ta a layi na huɗu, na ce ga shi nan, wannan ne kawai. Fuskarsa ta yi ja, gefen bakin da ke motsi ya riƙa rawa. Ya sa bayan hannu ya share allon gaba ɗaya. Sarkin baƙi ya gangara har ƙarƙashin gadon maƙwabcinmu, tsohon direban nan mai karyayyar ƙafa, wanda ya ce shi dai bai san wasan ba amma ya ga alamar an ci wani.

Sista ta shigo ta same ni durƙushe ina tsince 'ya'ya ina kuka. Ba ta tuna min gargaɗinta ba. Ta taya ni nema, ta ce in fita in sha iska.

A baranda na yi tunanin da nake gudu tun ranar da Baba ya faɗi. Wataƙila Yaya ne ke da gaskiya. Wataƙila ni ce nake ganin mutum a inda babu shi, don ba zan iya komawa gidan nan ni kaɗai ba.

Alhamis, da yamma

Ban kai allo ba. Na yanke masa farce, na shafa masa mai a ƙafa. Ya riƙa duban jakata.

Juma'a, da rana

Kawu Safiyo ya kira. Ba kawuna ba ne na jini, abokin wasan Baba ne tun suna samari, tsohon ma'aikacin awon filaye, kuma babu ranar da suka zauna ba su yi faɗa a kan allo ba. Ya yi tafiya wajen 'yarsa, sai jiya ya ji labari. Ya yi min faɗa sosai da ban neme shi ba. Zai zo gobe, ya ce in kawo allo, yana da bashin duka a kan Malam.

Na ce masa kada ya sa rai da yawa. Ya ce rai nasa ne, zai sa shi inda ya ga dama.

Asabar, da yamma

Sai na rubuta wannan tun yana da zafi.

Kawu ya shigo da sandarsa da ƙarar muryarsa, ya tsaya a kan Baba ya ce, “Malam, duk gudun kada in rama ne ya kawo ka nan?” Idon Baba ya cika da ruwa, nasa ma haka, sai ya juya ya hau ni da faɗa wai na tsaya kamar gunki, in jera allo.

Na fito da waya, na jera kamar kullum, na ba shi labarin kwanakin nan duka da muryar da nake zaton Baba ba ya ji. Na ce fari ke cin wasa, gada kawai zai gina, amma ya kasa, sai hannu yake miƙo min in riƙe. Kawu ya sunkuya kan allon, ya gyara tabarau. Ya tambaye ni wa ya ce fari ke ci. Na ce littafi. Ya karɓi wayar, ya sa farcensa a kan hoton yana ƙirga gidajen allon daga gefe zuwa gefe, sannan ya miƙo min ya ce in ƙirga da kaina.

Bakwai na samu. Allon ces takwas ne.

Littafin ƙaton gaske ne, zanen kuma yana kusa da ɗinki, inda takarda ke lanƙwashewa ta shige ciki. Layi guda na gefe ya nutse a wurin, babu ɗa ko ɗaya a kansa, ni kuma ban lura ba. Na fara jerawa daga bakin allo, kowane ɗa ya matsa gida ɗaya. Kurtun da ya kamata ya kasance na biyu daga gefe ya koma na gefe ɗungurungum, sarkinsa ya shige kusurwa. Ni da nake cin abinci da duba shafuka, ni da nake mayar wa masu ɗinki aiki idan rubutu ya matsi tsakiya.

Kawu ya nuna min da sandar biro. A wasan littafi, sarki na da ƙofa ta dama da ta hagu. A nawa, ɓangare ɗaya ƙarshen allo ne, ɗayan kuma hasumiyar baƙi ta kulle shi, ga sarkin baƙi a kusa yana jira ya ƙara matse shi. Sarkin da ba zai iya fitowa ba, gadar me za a gina masa? Ko wa aka ba fari a nan ba zai ci ba, canjaras ne.

“To hannun fa, Kawu?”

“'Yata, idan wasa ya tashi canjaras me 'yan wasa suke yi?”

Bai jira in amsa ba. Ya zauna a kujerata, ya miƙa hannunsa na hagu ta saman allon. Baba ya kama, ya girgiza sau ɗaya da ƙarfi, ya saki, ya sauke wani dogon numfashi. Sannan ya juyo ya kalle ni, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya ɓata masa yamma guda.

Ashe tun ranar farko ya ba ni amsa, kuma amsar daidai ce. Da hannun dama ne da wataƙila na gane. Na hagu ne, kuma ni ban taɓa gaisawa da ubana hannu da hannu ba, sai na riƙa rungume hannun ina lallashinsa kamar jariri. Har na ɗaga masa hasumiya ina koya masa. Ban san lokacin da na fara dariya ba, ina yi hawaye na zuba, Kawu na buga sanda a ƙasa, direba na tambaya daga gadonsa wa aka ci kuma. Na durƙusa na ce Baba ka yi haƙuri. Ya ɗan ja min kunne da yatsu biyu.

Lahadi, da hantsi

Na karya doka, na sa littafin a jaka na kawo shi. Baba na ganin koren bangon ya ɗaure fuska, ya nuna littafin, ya nuna ƙofa. Ban taɓa murnar ganin ɓacin ransa irin yau ba. Na ce zan mayar, amma sai mun gama.

Na jera daidai, na ƙirga sau biyu. Bai ɓata lokaci ba. Ya ɗauki hasumiya, ya dire ta a layi na huɗu. Na riƙe baƙi. Ya fito da sarki, na ba shi cek. Ya sauko taki ɗaya, na sake. Ya kauce, na bi shi. Sau ɗaya hannun rigarsa ya ture kurtun, ya tsaya sai da na mayar da shi ainihin gidansa. A cek na ƙarshe ya jawo hasumiyar ta shiga tsakanin sarkinsa da tawa, ya ɗaga kai yana jira. Na kwantar da sarkina alamar na sallama, na miƙa masa hannun hagu.

Bayan nan ya yi barci mai nauyi har aka kawo abincin rana.

Talata, da rana

Na ba Yaya labari ranar Asabar ɗin, ya ce to, amma na ga bai shige shi ba. Yau na zaunar da shi, na ba shi littafin, na ce ya riƙe baƙi. Mun koma baya cikin wasan, lokacin da kurtun bai yi nisa ba kuma sarkin baƙi na tsaye a gabansa. Yaya na karanta tafiyar mutanen nan biyu yana turawa, Baba na kallo.

Da aka zo wani wuri, Yaya ya mayar da hasumiyar baƙi layin baya kusa da sarkinta, kamar yadda mai wasan ya yi. Baba ya buge masa bayan hannu. Yaya ya ce haka fa aka rubuta. Baba ya ɗauke hasumiyar, ya ajiye ta a layi na uku daga ɓangaren baƙi, ta tare layin gaba ɗaya yadda sarkin fari ba shi da hanyar ƙetarowa. Na tura kurtun fari ya hau layin don in ga abin da zai yi. Nan take ya zarce da hasumiyar can ƙarshen allo ta bayan sarkina, ya fara cek. Duk inda na kai sarkin tana biye da shi, kuma babu inda zai fake, tunda kurtun ya riga ya wuce gaba ya bar shi a fili.

Na ce wa Yaya ya juya shafi. Ya karanta a hankali, bakinsa na motsi. Mai littafin ya rubuta cewa a nan baƙi ya yar da wasansa, da ya tsaya a layi na uku da canjaras ne. Yaya ya rufe littafin, ya ce zai je ya duba mota. Ta taga na hango shi tsaye jikin motar, bai buɗe ta ba.

Da ya dawo idonsa ja, ya ce min a hankali, “Yana nan ashe.” Na ce ai ban taɓa cewa ya tafi ba. Ƙarya na yi, amma bai sani ba.

Alhamis, da yamma

Likita ta zo ta kalli gada daga farko har ƙarshe, hannunta a aljihu. Ta ce ita ba ta san ces ba, kuma iya wasa daban, gane magana daban, amma ta ga mutumin da ke bin abu yana kuma ƙin abin da bai yarda da shi ba. Sai ta ɗauki kurtu biyu daga akwatin, fari da baƙi, ta ajiye a gabansa. Ta ce fari shi ne eh, baƙi shi ne a'a. Ta tambaye shi ko ni 'yarsa ce, ya ɗauki fari. Ko a kasuwa muke, baƙi. Ta juya tambayoyin, ta sauya wa kuratan wuri, ta dawo da wata da ta riga ta yi. Ɗaya ce ya yi jinkiri a kanta, mai tsawo ce, da ta rage ta ya amsa. Direba ya sa baki ya ce a tambaye shi ko abincin asibitin nan na da daɗi. Baba ya ɗaga baƙi sama sosai, har Sista ta yi dariya.

Daga nan likita ta zauna ta yi masa bayanin komai, gida da benensa da ni, garin Yaya da cibiyarsa da nisan hanya. Ta ce ya yi tunani, ba yau ba. Ranar Litinin za ta tambaye shi ko yana so ya koma gida tare da ni.

Na sayi sabon zanen gado a hanya. Na kuma yi magana da kafinta a kan ƙarfen riƙewa a jikin bene.

Litinin, da hantsi

Baƙi ya ɗauka.

Talata, da yamma

Ta tambaye shi ta kowace fuska. Ko yana so ya koma gida da ni, baƙi. Ko yana so ya bi Yaya, fari. Ta fitar da mu daga ɗakin ta sake tambaya, ta dawo yau da safe ta kuma. Bai sauya ba.

Jiya ban iya zama ba, na ce kaina ke ciwo na tafi gida. Na ji haushi, ba zan ɓoye wa takarda ba. Ni na kwana a kujerar roba, ni na yi faɗa da kowa don a tambaye shi, aka tambaye shi, ya zaɓi wanda ya ce babu wanda za a tambaya. Na zauna a kan sabon zanen gadon ina ta maimaita wannan har ya fara yi min kama da maganar yara. Me na roƙa? A tambaye shi na ce. Ban ce a tambaye shi ya faɗi abin da nake so ba, ko da yake a raina abin da nake nufi ke nan.

Yau da muka rage mu biyu na ce masa, Baba, me ya sa? Na san ba tambayar fari da baƙi ba ce. Ya taɓa bakinsa. Ya taɓa ƙafar dama. Sannan ya miƙa hannu ya jawo igiyar katin aikina da ke leƙowa daga jaka, ya sa min a cinya. Na ce Oga zai iya jira. Ya lalubo kurtun baƙi ya ɗaga.

Na ce to idan ya koyi magana ya dawo ya faɗa min da baki, don ni ban yarda da hukuncin katako ba. Gefen bakinsa ya ɗaga.

Juma'a, da safe

Na haɗa masa kaya. Riguna masu faɗin hannu, tabarau biyu, rediyonsa, allon da ya saba da shi. Kawu ya kawo min nasa tsohon allon ya ce in riƙe a gida, aro ne ba kyauta ba. Yaya ya zauna na koya masa karanta harafi da lambar da ke gefen allo, yadda kowane gida ke da sunansa. Ya rubuta a bayan hannunsa kamar ɗan firamare. Na ce masa abin da na faɗa a wajen motoci ban kyauta ba. Ya ce gaskiya ce ai, shi ya sa ta yi zafi, in miƙo masa igiya ya ɗaure akwati.

Asabar, da rana

Sun tafi. Gidan ya yi girma.

Laraba, da yamma

Na koma aiki tun Litinin. Oga bai yi ƙari ba, kurakuran sun fi gero.

Ina shigowa gida Yaya ya kira, ya ce sun dawo daga cibiya, Baba ya tsaya da ƙafarsa an riƙe shi, yanzu kuma ya sa an jera allo yana nuna waya. Na jera nawa a kan teburin cin abinci. Hasumiya ɗaya ɗaya, kurata uku uku, ni ce fari. Ina faɗar tafiyata, Yaya na tura min a can, Baba na tura tasa, Yaya na karanto min. Sau biyu ya karanta lamba a juye, na ji an buge masa hannu.

Can na ga hanya, na tura kurtun tsakiya gaba, na bar shi babu mai tsaronsa. Na ji ƙarar katako a kan allo da Yaya ya ajiye shi. Sannan wata murya ta fito, mai kauri, a karkace, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

“Mayar.”

Na ce Yaya, wa ya yi magana? Na ce ya matsar da wayar kusa. Baba ya sake faɗa, wannan karon da faɗa-faɗa, yadda yake yi wa ɗalibi idan ya ba shi damar gyara kuskure.

Tun ranar nan nake jiran kalma ɗaya daga bakinsa. Na yi zaton sunana zai fara kira. Ashe gyara zai fara da shi, kuma da na yi tunani da kyau da na san haka.

Ban mayar ba. Na ce wa Yaya ya gaya masa na taɓa na tura, ya ci abinsa. Na bar shi ya cinye kurtun, na kuma riga na zaɓi wanda zan tura masa na gaba, in ji abin da zai ce a kansa.